Shirin Kwamitocin Kula da Makarantu Kafin Zaman Majalisa kan Kasafin Ilimi

Sashe na 121 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa Gwamna gabatar da kasafin kuɗi ga Majalisar Dokoki kowace shekara. Majalisar Jigawa da ke Dutse tana da mambobi 30. Ƙaramar Hukumar Babura tana da mazaɓu biyu, Babura da Kanya, yayin da Kazaure da Roni da Gwiwa ke da ɗaya-ɗaya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatun shekara tara kyauta kuma dole. Sai dai buƙatar da ba ta shiga kasafi ba takan jira wata shekara.

Don haka ana shawartar kowane kwamiti ya zauna da shugaban makaranta da mai unguwa da iyaye tun kafin ƙarshen damina. A rubuta yawan ɗalibai maza da mata, da malamai, da azuzuwan da rufinsu ya yaye, da kujeru da banɗaki da rijiya. A jera buƙatu bisa muhimmanci.

A miƙa takardar ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma domin isar da ita ga Hukumar SUBEB, a kuma ba ɗan majalisar mazaɓa kwafi kafin a fara kare kasafi.