Tayoyi Biyu da Rayuka 261: Hatsarin Jirgin Alhazai a Jidda

Maƙalarmu ta wannan mako za ta mayar da mu ranar Alhamis, 11 ga Yuli, 1991, lokacin da yawancinmu ba a haife mu ba. Mu nan Gwaram da Birnin Kudu muna cikin Jihar Kano a lokacin, domin sai ranar 27 ga Agusta na shekarar aka ƙirƙiro Jigawa.

Da safiyar ranar wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an yi hayarsa yana jigila da sunan Nigeria Airways. Akwai fasinjoji 247 da ma'aikata 14. Bayan kamar minti goma da tashinsa ya faɗi yana ci da wuta, saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin saukar da yake ƙoƙarin komawa. Ba wanda ya tsira.

Da aka yi bincike, sai aka gano ba inji ba ne ya mutu, ba kuma iska ko hazo ba ne. Tayoyi ne. Kwana huɗu kafin hatsarin, makanikai sun auna sun ga biyu daga cikin tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. Ba a ƙara musu ba, ba a canja su ba, sai dai aka samu an gyara lambobin da ke takardar duba jirgi don su nuna komai lafiya. A safiyar tashi ma babban makanike ya nemi iskar naitirojin, wadda ita ake hura wa tayar jirgi saboda ba ta taimakon wuta. Ba a same ta nan kusa ba, shi kuma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a jinkirta tashi ba.

Duk mai faci a tashar Gwaram ya san abin da zai biyo baya. Idan taya ɗaya ta yi sanyi, nauyin yana komawa kan 'yar uwarta, su yi zafi tare. Jirgin na cikin gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar gargaɗin gobara a ramin tayoyin. Da suka tashi sama suka naɗe ƙafafun, sai suka shigar da wutar cikin jirgin da hannunsu. Ta cinye wayoyi da bututun man da ake sarrafa jirgi da shi, ta huda daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Kamfanin Nationair kansa ya durƙushe a 1993.

Me ya sa muka kawo wannan a zauren marubuta? Saboda yadda muke rubuta irinsa. A littattafanmu, in marubuci yana son kawar da wani, sai ya ce jirgi ya faɗi ko mota ta ƙwace, a yi zaman makoki, a ce ƙaddara ce, a wuce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma a Jidda akwai hannun da ya riƙe biro ya canja lamba, akwai mutumin da ya ga jinkiri ya fi tayar da ba iska haɗari. A nan labarin yake, kuma shi ne darasin da zai amfani mai karatu, ko ɗalibin gyaran jirgi ne a kwalejin Zariya, ko direban da ke lodi zuwa Kano.

Don haka idan za mu rubuta hatsari, mu bi sawunsa baya har ranar da aka fara sakaci, mu nemi kwanan wata da adadi, kada mu ƙara abin da ba mu tabbatar ba.

Allah Ya jiƙan alhazanmu, Ya karɓi aikinsu. Sai mako mai zuwa.