Sunan gidan abincin da ba ku sani ba a lissafin katinku: yadda ake ganewa da neman hakki

Yanzu katin banki ya shiga aljihun ƴan kasuwa, ma'aikata, ɗalibai da alhazai. Wani lokaci sai mutum ya karɓi takardar lissafin asusunsa, wadda ake ce ma relevé, ya tarar an cire jika 18 da sunan wani gidan abinci da bai taɓa ji ba. Abin da muke so a riƙe shi ne: ba kowane baƙon suna ba ne sata, amma kuma ba a yin shiru a kansa.

Abin da ke sa ba a gane sunan

Sunan da ke fitowa a takarda na kamfanin da ya yi rajistar na'urar biya ne, wato TPE, ba lalle ya zama wanda ke rubuce a ƙofa ba. Gidan abincin da ke cikin otel yakan fito da sunan otel ɗin, sau da yawa ma a gajarce.

Rana ita ma tana ruɗarwa. Kun ci abinci ran Juma'a, banki bai rubuta ba sai Litinin ko Talata.

In a waje aka yi biyan, adadin zai iya bambanta da wanda kuka lissafa. Yuro ɗaya ba ya motsi daga wajen sefa 656, amma riyal na Saudiyya, naira da dalar Amurka suna hawa da sauka, ga kuma ladan canji da banki ke ɗorawa. A Amurka kuwa, tukuicin da kuka rubuta ma mai kawo abinci a kan rasit daga baya ake haɗa shi da kuɗin.

To, kafin a tada hankali, a tuna inda aka je a wannan mako, a duba rasit, a kuma tambayi maiɗaki ko yaro in akwai wanda aka ba katin.

In ku ne kuka ci, amma an cire fiye da ƙima

Yakan faru hanyar sadarwa ta yanke, mai gidan ya ce kuɗin bai shiga ba, a sake sa kati, ashe an cire sau biyu. Nan sai a koma gidan abincin da rasit da takardar banki, domin su ma suna iya mayar da kuɗin ta na'urarsu. In sun ƙi, sai a garzaya banki.

In ba ku ne ba sam

A ranar nan, ba gobe ba, a kira banki a sa su rufe katin, abin da ake ce ma opposition. Ko kuɗin ƙalilan ne kar a raina, don ɓarayi kan gwada kati da ƙaramin abu kafin su kwashi babba.

Daga nan a kai ƙorafi a rubuce: rana, adadi, sunan yadda ya fito, da dalilin da ya sa kuka ce ba ku ba ne. A sa su buga hatimi a kan kofe, a adana shi. Bankinku ne zai bi bankin mai gidan abincin ta hanyar Visa, Mastercard ko GIM-UEMOA, wadda ke haɗa katunan ƙasashe 8 na yankinmu daga Dakar. Akwai wa'adi: a tsarin Visa da Mastercard galibi kwana 120 ne, bankinku kuma zai iya sa wanda bai kai haka ba. In banki ya yi biris, ana iya kai kuka ga hukumar sa ido kan bankuna ta UMOA da ke Abijan.

Rigakafi

Kar a bari a shige ciki da katinku, a kawo na'urar gabanku, ku karanta adadin kafin ku danna lambar sirri. A buɗe saƙon SMS na banki don a ga kowane cire kuɗi nan take. Kuma duk wanda ya kira ku a salula ya ce shi ma'aikacin banki ne zai mayar muku da kuɗi, ya nemi lambar sirri ko lambobi 3 na bayan kati, ku kashe wayar. Banki ba ya tambayar su.