Zuciya Ta Shirya, Ƙashi Bai Shirya Ba: Nazari Kan Juriyar Gudu Kafin Shiga Dipo

Tun 1924 ake horar da kuratan sojan ƙasa a dipo na Zariya, kuma har yau wanda aka kai can yakan yi wata shida kafin a kira shi soja. Kafin ya ga ƙofar barikin ma sai ya tsallake tantancewa a jiharsa, inda gudu ke cikin abubuwan da ake fara zubar da mutane da su. Shi ya sa da zarar sunaye sun fito za ka ga samari sun cika gefen titi bayan sallar asuba, kowa na haki, kowa na son ya tara a mako biyu ko uku ƙarfin da bai tara a shekara ba. Wannan gaggawar ce ke kayar da yawancinsu. Sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci ɗaya: zuciya da jini kan riga, ƙashi da jijiya su biyo baya da nisa, kuma a tazarar da ke tsakaninsu ake samun rauni.

Juriya a gudu ta dogara ne ga yawan iskar da jiki ke iya ɗauka daga huhu, ya kai wa tsoka ta cikin jini, tsokar kuma ta ƙona abinci da ita. Kenneth Cooper, likitan sojan sama na Amurka, ya nuna a 1968 cewa nisan da mutum ya ci cikin minti 12 yana bayyana wannan ƙarfi daidai gwargwado, abin da ya sa rundunonin soja da dama ke auna kurtu da gudun kilomita biyu zuwa uku maimakon na'urorin asibiti. Wannan ɓangare na jiki, wato zuciya da jini da tsoka, mai saurin koyo ne. Cikin mako ɗaya ko biyu da fara gudu ruwan jini yakan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, sai zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. A 1967 John Holloszy ya gano, ta hanyar gwaji da ɓeraye, cewa gudun yau da gobe na iya kusan ninka sinadaran da ke ƙona abinci a cikin tsoka. Saboda haka saurayin da ya yi wata guda yana sassarfa yakan ji hakinsa ya ragu, ya ɗauka ya gama shiri.

Ƙashi ba haka yake ba. Idan aka ɗora masa nauyin da bai saba ba, yakan fara ne da rushe wurin da ya gaji kafin ya gina sabo, kamar magini da ke kankare tsohon yaɓe kafin ya shafa sabuwar ƙasa. Rushewar takan ɗauki makonni kaɗan, cike gurbin kuma wata uku zuwa huɗu. Ma'ana, a daidai lokacin da numfashi ya yi daɗi har mutum ke marmarin ƙara nisa, ƙashin ƙwaurinsa ya fi yadda yake a ranar farko rauni. In aka ci gaba da dukansa a kan kwalta ba hutu, ƙananan tsagu sukan haɗu su zama tsagewar ƙashi. Sojoji ne suka fara sanin wannan ciwo. Wani likitan sojan Furusiya mai suna Breithaupt ya bayyana shi a 1855, bayan ya lura da kumburin ƙafa a jikin sojojin da suka sha doguwar tafiya, kuma har yanzu ciwon yana cikin manyan dalilan da ke sa a dakatar da kurtu daga horo.

Akwai binciken da ya kamata duk mai shirin shiga soja ya san alƙalumansa. A 1977 Michael Pollock da abokan aikinsa sun raba mutanen da ba su saba gudu ba rukuni-rukuni. Masu gudun minti 15 a kowace fita, kashi 22 cikin 100 suka ji rauni. Masu minti 30, kashi 24. Masu minti 45 kuwa, kashi 54. Da aka auna ta yawan kwanaki, masu fita sau uku a mako kashi 12 ne suka ji rauni, masu sau biyar kashi 39. Ribar juriya da masu yawan gudun suka samu a kan 'yan tsakiya kaɗan ce ƙwarai. A ganina wannan ne zuciyar maganar: ga sabon shiga, daga minti 30 sau uku a mako, abin da ake ƙarawa ya fi sayo ciwo fiye da ƙarfi. Bincike-binciken rundunar sojan Amurka sun zo da abu biyu da suka dace da wannan. Kurtun da ya shigo yana cikin masu jinkirin gudu shi ya fi jin rauni a horo, kuma da aka rage yawan gudu a wasu sansanoni tsagewar ƙashi ta ragu ba tare da sakamakon gwajin ƙarshe ya lalace ba.

To, wane irin shiri ne ya dace da wannan ilimi? Na farko dai lokaci ne, wata uku zuwa huɗu, wanda ke nufin a fara tun ranar cike takarda a intanet, kada a jira fitar sunaye. Makonnin farko a gauraya tafiya da sassarfa, a bar yini guda tsakanin fita da fita. Yawancin gudun ya kasance a saurin da mutum zai iya yi wa abokinsa magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Samari kan raina wannan, suna ganin in ba a galabaita ba ba a yi komai ba, alhali a irin wannan saurin ne tsoka ke ƙara ƙananan hanyoyin jini. Sai bayan mako shida ko takwas a shigo da gudun sauri sau ɗaya a mako, misali mita 400 a maimaita da hutu a tsakani. Ana yawan cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a mako. An gwada wannan ƙa'ida a Holan a 2008 da sababbin masu gudu, aka tarar masu binta da waɗanda suka ɗan fi su sauri duk kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya ji rauni. Lambar ba ta da wani sirri. Abin da za a guje wa shi ne tsalle babba lokaci guda. Ɗan ƙwallon unguwa da wanda ya tashi a noma sun fi ɗan zaman majalisa tushe, ƙasusuwansu sun sha nauyi, amma su ma ba su saba da taku iri ɗaya sau dubbai a kan ƙasa mai tauri ba. Filin makaranta ko hanyar burji sun fi kwalta sauƙi ga ƙwauri.

Zafi wani babi ne. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato ko Maiduguri ma'auni kan wuce digiri 40, kuma ba mai tabbacin cewa za a yi gwajin da sanyin safiya. Jiki na sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Wanda bai taɓa gudu ba sai da asuba ya kamata ya matsar da wasu fitowinsa zuwa hantsi a makonni biyun ƙarshe, a hankali, da ruwa a hannu. In shirin ya faɗo cikin azumi, bayan buɗa-baki ya fi aminci.

Batun da aka fi sakaci da shi, kuma ya fi shafarmu, shi ne nau'in jini na gado. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, wato ƙwayar gadon sikila guda ɗaya. A 1987 John Kark da abokansa sun duba bayanan kurata kimanin miliyan biyu da suka shiga sojan Amurka tsakanin 1977 da 1981, suka ga mutuwar fuju'a a lokacin horo ta ninka kusan sau 28 ga baƙaƙen fata masu AS idan aka kwatanta da 'yan'uwansu marasa shi. Wani bincike na 2016 a kan sojoji baƙar fata kusan 48,000, bayan an tsaurara dokar shan ruwa da hutu a zafi, bai ga ƙarin mutuwa ba, sai dai narkewar tsoka ta fi yawa a cikinsu da kusan rabi. Darasin a fili yake: mai AS na iya gudu, amma ƙure ƙarfi gaba ɗaya a rana, da ƙishi, ba tare da sabo ba, shi ne haɗarin. Fitsari mai launin shayi bayan gudu alama ce ta narkewar tsoka, kuma narkewar tana iya kashe ƙoda. Asibiti ake zuwa a ranar. Haka wanda zazzaɓin cizon sauro ya sake shi jiya, jininsa ya ragu, bai kamata ya koma inda ya tsaya ba. 'Yan mata masu neman shiga sun fi fuskantar ƙarancin jini da tsagewar ƙashi, don haka wake, ganye, hanta da ƙoshi ba ƙawa ba ne a gare su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu haɗiyar tramadol don su "riƙe wuta". Ƙwayar ba ta ƙara wa jini iska, ba ta ƙarfafa ƙashi. Zafin ciwo kawai take rufewa, wato ainihin saƙon da zai sa mutum ya tsaya, ga shi tana jawo farfaɗiya, ana kuma gwajin ƙwaya a wajen tantancewa. Ciwon tsoka na sabon shiga yakan bazu a cinya ko sha-raɓa, ya lafa cikin kwana biyu ko uku. Na ƙashi kuwa wuri ɗaya yake zama, ana iya nuna shi da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da gudu, daga baya har a tafiya. Hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai a mako biyu ko ukun farko, don haka likita kan hana gudu ko da hoton ya fito lafiya. Jinyarsa mako shida zuwa takwas ce, wanda ga mai jiran tantancewa yakan kai shi ga ɗaukar kurata ta gaba.