Lambun Hukuma da Gidan Gado: Rikicin Fili a Briketeri ta Yawunde

A mahaɗar Warda da ke Yawunde, abubuwa uku ne suke maƙwabtaka: lambun shaƙatawa na Bois Sainte Anastasie, da katafaren zauren wasanni da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2009, sai unguwar Briketeri, tsohon zangon Hausawa, da lungunanta da teloli da masu tsire. Na farko da na biyu sun fito ne daga taswirar hukuma. Ta uku ta girme su duka, amma ita ce kullum ake tambayarta takarda. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, rikicin fili tsakanin unguwar da hukuma bai taso daga ƙin lambu ba. Ya taso ne daga dokar da ke ƙirga takarda ta manta da zama.

Hausawa fatake sun iso Yawunde tun zamanin Jamus, aka yi ta ɗaga zangonsu yayin da birni yake faɗaɗa, har suka tabbata a Ekoudou, ƙasar ƙabilar Ewondo, inda Briketeri take, a zamanin Faransa. Wato ba su faɗo wurin da ka ba, hukuma ce ta tura su. Sai ga dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, wadda ta mayar da takardar mallaka ta gwamnati, titre foncier a bakin kowa, ita kaɗai ce shaidar mallaka. Abin da ba shi da ita ya shiga ƙasar da gwamnati ke kula da ita, fadamu kuwa suka zama dukiyar jama'a. Gaskiya an bar ƙofa: wanda ya raya wuri kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman rajista. To amma a duba yadda gidan Briketeri yake. Kaka ya sayi fili a hannun ɗan ƙasa, aka rubuta 'yar takardar ciniki gaban shaidu, aka yi fatiha. Ya rasu ba a raba gado ba, domin gidan da ke ɗauke da iyalai da yawa ba ya rabuwa sai an sayar. Yau magada sun warwatsu, wani a Ngaundere, wani a Duwala, wani a Kano. Wa zai tara sa hannunsu, ya biya mai awo, ya yi ta zarya a ofisoshi? Dokar 4 ga Yuli 1985 kan karɓar fili don amfanin jama'a kuwa, diyyar ƙasa ga mai rajista take bayarwa, kuma ba ta biyan ginin da aka yi saɓanin ƙa'idar tsara birni.

An ga aikin wannan tsari a zamanin Gilbert Tsimi Evouna, wakilin gwamnati a hukumar birnin har zuwa 2020. A Yulin 2008 katafila ta share unguwar Ntaba, rusau kuma ya taɓa wasu unguwannin, ciki har da gefen Briketeri. Hujjar hukuma tana da ƙarfi, kada a raina ta. Yawunde birnin tuddai ne, ruwan sama yana gangarowa kwari ya cika kogin Mfoundi, dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 kuma ta hana gini a inda ambaliya ke ci. Mayar da irin wannan kwari lambu hikima ce, kuma yaran Briketeri sun fi kowa buƙatar filin shaƙatawa.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne lissafin asara. Tela ko mai tsire, jarinsa wurin zamansa ne: kusa da babban masallaci, kusa da kasuwar Mokolo, inda masu ciniki suka san shi. Ko an ba shi fuloti a bayan gari, an raba shi da sana'arsa ke nan. Ita kanta dokar 2004 ta bambanta hanya biyu: a rushe a sake gini, ko a gyara unguwa a wurinta, a buɗe titi da magudana, a ba mazauna takarda. Hanya ta biyun tana buƙatar a ƙirga mazauna gida-gida, da masu haya, a zauna da sarakunan unguwa da limamai, kafin ma'aikaci ya zo da jan fenti ya zana gicciyen rusau a bango.