Garin Da Babu Shi: Tarihin Rubutun Ƙasar Mafarki Da Ƙasar Ukuba

A zangon karatun da ya wuce wani ɗalibina na aji biyar ya miƙo mini littafin rubutunsa, ya ce, "Malam, ga labari na rubuta, a duba mini." Labarin wani gari ne inda babu yunwa, babu sata, babu ɗan sanda, kowa na ƙaunar kowa. Na karanta shafi tara ban ga abin da ya faru ba. Har na ɗauki jan biro, sai na tuna cewa yaron nan ya bi wata tsohuwar hanya ce ba tare da ya sani ba.

Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aflatun na ƙasar Girka ya tsara birnin da masana za su mulka. Alfarabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 950, ya yi littafi a kan Madinatul Fadila, wato birni nagari, ya kuma kwatanta kishiyoyinsa, irin su birnin jahilci da birnin fasiƙanci. Amma sunan da ake kiran wannan fanni da shi ya samo asali ne daga Thomas More, wani lauya ɗan Ingila, wanda ya fitar da littafinsa Utopia cikin harshen Latin a 1516. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta wurin da babu shi.

A tsibirin da More ya ƙaga akwai birane 54, aiki awa 6 ne a rana, kuma babu mai cewa wannan nawa ne. Zinariya kuwa da ita ake ƙera tukunyar bahaya da sarƙar ɗaure bayi. To, mai karatu ya lura, ashe akwai bayi a ƙasar, kuma mutum ba ya barin birninsu sai da takardar izini. Sa'annan More bai fara da tsibirin ba. Ya fara ne da Ingila ta zamaninsa, inda masu dukiya ke korar manoma daga gonaki don su yi kiwon tumaki, wanda yunwa ta sa ya yi sata kuma a rataye shi. Shi kansa More, Sarki Henry na Takwas ya sa aka fille masa kai a 1535.

Bayansa Campanella ya rubuta Birnin Rana a 1602 yana tsare a kurkuku. Da tafiya ta yi tafiya sai marubuta suka fara tsoron mafarkin kansa. A 1868 John Stuart Mill ya yi amfani da kishiyar kalmar, wato distofiya, a majalisar Ingila yana sukar yadda ake tafiyar da Ayaland. Zamyatin na Rasha ya gama littafinsa We a 1921, labarin ƙasar da mutane ba su da suna sai lamba, ba a kuwa yarda an buga shi a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988. Huxley ya fito da Brave New World a 1932, inda ake mallake jama'a da jin daɗi da ƙwaya. Orwell ya biyo da 1984 a shekarar 1949, inda ake mallake su da tsoro da leƙen asiri.

Masana ma ba a bar su a baya ba. Karl Mannheim ya wallafa nazarinsa a kan aƙida da utofiya a 1929, aka kuma kafa ƙungiyar nazarin fannin a Amurka a 1975. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, duk mai rubuta garin da babu shi, a kan garinsu yake magana.

Saboda haka ban soke labarin yaron ba. Tambaya uku na rubuta masa a ƙarshen shafi. Wa ke kwashe shara a garin nan? Me ake yi wa wanda ya ce bai yarda ba? Wane abu ne a unguwarku ya ɓata maka rai har ka ƙagi wannan gari? Bayan mako biyu ya dawo da shafi huɗu kacal. A ciki akwai wata tsohuwa da ta ɓoye mudun gero, masu gari kuma sun rasa yadda za su yi da ita, tunda ba su da kurkuku. Daga nan labari ya tashi.

'Yan'uwa malamai da marubuta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, kada ya karye. In sabon marubuci ya kawo maka mafarkinsa, kada ka ce masa ba zai yiwu ba, domin shi ma ya sani. Tambaye shi wa zai ɗauki nauyin wannan jin daɗi, ka bar shi ya nemo amsa. Allah ya sa mu dace, amin.