Bado a tafkunan Adar

Ba a shuka bado a Adar; tafki ne ke riƙe da shi. In ruwa ya janye da rani, saiwarsa ta kwanta cikin laka har damina ta dawo, sai ganyen ya sake shimfiɗuwa bisa ruwa. Furen fari ne, da dare yake buɗewa, hantsi na dubawa ya rufe.

Kakata ba ta taɓa kiransa ado ba. Abinci ne na ranar wuya. A yunwar 1973 da ta 1984, wadda ake ce wa El Buhari, mata sun shiga ruwa har ƙugu suna tsinko ƴaƴansa, su fasa, su shanya ƙananan ƙwayoyin, su daka a yi kunu. Saiwar kuwa a gasa ta cikin toka.

A 2005 aka sa tafkin Tabalak, kan hanyar Tawa zuwa Abalak, da na Ɗan Dutsi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi. Ana yawan zancen kifinsu da albasar bakinsu. Ni yashin da koramu ke kwasowa ke damuna, don shi ke binne lakar da bado ke kwana a ciki.