Yadda Manhajar Zane ta Fara Gane Nufin Injiniya

A farkon shekarun 1960, injiniyan da yake son kwamfuta ta yi masa lissafi sai ya huda katuna, ya miƙa wa masu kula da na'urar, ya koma ya jira sakamako a takarda. Zane kuwa yana can kan tebur, da fensir da rula. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya fito da Sketchpad a kan kwamfutar TX-2, inda mutum yake riƙe alƙalami mai gane haske ya yi zane kai tsaye a jikin allo. Alƙalamin aka fi tunawa, amma babban abin yana wani wuri. Mai zane yana iya gindaya sharaɗi, ya ce layukan nan biyu tsawonsu ya zo ɗaya, manhajar ta gyara zanen ta kiyaye sharaɗin. In ya taɓa zanen asali, duk kwafinsa su bi. A ganina nan ne tushen duk wani sauƙi da injiniya ya samu daga baya, wato manhaja ta riƙe abin da yake nufi da zanensa.

An daɗe kafin wannan tunani ya isa teburin kowa. Manyan kamfanoni ne kaɗai suke da kuɗin na'urorin. A Faransa, kamfanin jiragen sama na Dassault ya soma aikin da ya haifi CATIA a 1977, manhajar da aka zana jirgin Boeing 777 da ita. AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ta kawo zane kan ƙaramar kwamfuta, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne, sai dai layi da da'ira kawai ta sani. Ba ta san cewa da'irar nan rami ce a jikin ƙarfe ba, don haka in faɗin ramin ya canza, sai mutum ya bi kowane zane ya gyara da hannu. Pro/ENGINEER ta kamfanin PTC, a ƙarshen shekarun 1980, ita ta dawo da ra'ayin Sutherland: ana gina kaya daga rami da yanka da kauri, a canza awo ɗaya sauran su daidaita. Amma tana bukatar na'urorin Unix masu tsada, ga jerin zaɓi cikin jerin zaɓi. A 1995 SolidWorks ta ɗora wannan tsari a kan Windows, ta jera matakan ginin a gefen allo yadda ido zai gani. Bayan shekara biyu Dassault Systèmes, kamfanin da ke da CATIA, ya saye ta.

Akwai masu cewa duk wannan gyaran fuska saboda sababbin hannu ake yi, gwani kuwa ɓata masa lokaci yake yi. Suna da hujja. Lokacin da AutoCAD 2009 ta zo da sabon jerin maɓallai irin na Office 2007, tsofaffin ma'aikata da yawa sun yi ƙorafi, domin hannun da ya saba buga harafin L ya ja layi ya fi mai laluben hoto sauri. Shi ya sa Autodesk, kamfanin da ya yi AutoCAD, bai cire wurin rubuta umarni ba har yau, kuma ya yi daidai, tun da sabo ma wani ɓangare ne na sauƙi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu tsoron kada sauƙi ya sa a riƙa gaskata kwamfuta ido rufe. A Agustan 1991 gindin kankare na dandalin haƙar mai da iskar gas na Sleipner A ya nitse kusa da Stavanger a Norway, kuma bincike ya gano cewa lissafin kwamfuta ya nuna ƙarfin matsin da ke kan wasu bangaye ƙasa da yadda yake da kusan kashi 47 cikin ɗari, saboda yadda aka rarraba samfurin gida-gida. Sai dai wahalar sarrafa manhaja ba ta taɓa hana irin wannan kuskure ba. Abin da yake kama shi shi ne allo ya nuna wa injiniya zaton da aka gina lissafin a kansa. Manhajojin nazari na yau suna auna ingancin kowane gida na samfurin, su shafa wa gurɓatattun launi dabam, don mai aiki ya gan su kafin ya sa hannu a takarda.